Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin kwamitin jin daɗin malamai a taron reshe na ƙarshen zango na uku

 

Nan da 'yan kwanaki za a buga ƙararrawar ƙarshe, yara su watse, a rufe azuzuwa sai Satumba. Da yawa daga cikinmu sun fara ɗaure kaya. Wasu za su garinsu su gai da iyaye su kama noma, wasu za su Zariya karatun dogon hutu, wasu kuwa biki ne ko ta'aziyya da aiki ya sa aka yi ta ɗagawa. Duk tafiya ce ta alheri, domin zumunta a ƙafa take. Abin da kwamitinku ya ga ya dace mu tattauna yau shi ne abin da za mu bari a baya: gida, da takardu, da bashi, da mutanen da rayuwarsu ke rataye da tamu.

Kowane malami ya san idan aka yi masa canjin makaranta ba ya rataya jaka ya fice haka nan. Yakan rubuta takardar miƙa aiki, ya nuna inda aji ya tsaya a manhaja, ya ƙidaya kujeru da littattafai, ya damƙa makulli a hannun wani a gaban shaida. Gida ma amana ne, kuma ya cancanci irin wannan miƙawa. Ga ma'aunin da za mu auna shirinmu da shi: idan tafiyar mako uku ta koma ta mako bakwai, saboda rashin lafiya ko karyewar gada ko wani abin da Allah ya ƙaddara, shin akwai wanda ya san abin da zai yi da gidanmu da al'amuranmu ba sai ya same mu a waya ba? In akwai, mun shirya. In babu, kaya kawai muka ɗaure.

Gida da ruwan marka

Mu fara da lokacin da wannan hutu ke faɗowa. Dogon hutu yakan zo ne a tsakiyar marka, kuma a ƙasar Hausa babu watan da ya kai Agusta ruwa. Wato muna barin gidajenmu a daidai lokacin da suka fi bukatar ido. Iyayenmu da ke zaune a nan gaba suna tune da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988. Dukkanmu kuma mun ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumban 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shafe unguwanni, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Irin waɗannan sun fi ƙarfin mutum ɗaya, sai addu'a da aikin hukuma. Amma ɓarnar da ta fi yawan shiga gidan malami takan faro ne daga ƙaramin abu: rariyar da leda ta toshe, ko indararon da ya goce yana zuba a jikin bango, ko kwanon da iska ta ɗaga ƙusarsa.

Ga yadda abin yake faruwa. Ruwan da ya rasa mafita yakan kwanta a gindin katanga. Katangar ƙasa tana tsotsar ruwa daga ƙasa zuwa sama, gindinta ya yi laushi alhali samanta na nan da nauyinsa, ran nan sai a ji ta zube, sau da yawa ma ta faɗa wajen maƙwabci, inda 'ya'yansa ke kwana. Ginin bulo ma, in harsashinsa bai yi zurfi ba, yakan tsage. In mai gida yana nan, da ya ga ruwa ya fara taruwa zai ɗauki sanda ya zungure rariya, magana ta ƙare. In ba ya nan, ruwan dare uku ya isa ya rushe abin da aka yi shekaru ana tsimin albashi aka gina.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka, ruwan da za a yi kafin mu tashi, kada mu zauna a ɗaki har ya ɗauke. Mu fito tsakar gida mu bi shi da ido, mu ga inda yake bi da inda yake tsayawa, mu shiga kowane ɗaki mu ɗaga kai. Abin da muka gani a gyara shi a wannan mako. A yashe kwata har inda ta haɗu da ta unguwa, a ƙara yaɓe a gindin katanga, a daidaita indararo, a buga ƙusa, a sare reshen darbejiyar da ya rataya a kan rufi. A rufe rijiya da murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. A duba bakin masai, domin masai yakan rufta da damina, kuma gidan da ba kowa filin wasa ne ga yaran unguwa.

A cikin ɗakuna, duk abin da danshi ke ɓatawa a raba shi da ƙasa da bango. Buhunan hatsi a ɗora su a kan katako. Masara ko gyaɗar da ta sha danshi takan yi funfuna, kuma akwai irin funfunar da gubarta ke cin hanta, dafuwa ma ba ta kashe ta. Wake a zuba shi a buhun nan mai ruɓi uku a ɗaure kowane ruɓi tam, ko a cika jarka da shi har wuya a rufe, domin ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Wannan ya fi yayyafa masa fiya-fiya, wadda a ƙarshe cikin iyalinmu za ta koma. Littattafai a janye su daga jikin bango, domin gara tana son ɗaki rufaffe mai duhu da danshi. Sannan a kifar da randa da bokiti da gwangwani da tsohuwar taya. Sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana goma ko kusa da haka, don haka ruwan da muka bari a kwance wata guda zazzaɓi ne muka shuka wa unguwa.

Bayan ruwa sai wuta. Wutar lantarkinmu zuwa take tana tafiya, kuma a nan haɗarinta yake. Safiyar tafiya ana cikin guga sai a ɗauke wuta, a bar dutsen guga a jone, ko hita a cikin bokitin roba, a kulle gida a kama hanya. Da yamma a kawo wuta, babu mai gani. Maganin wannan shi ne kada a dogara da tunawa. A zare komai daga soket ɗaya bayan ɗaya, sannan a kashe babban makunni. A kwashe abin da ke firji, a goge shi, a bar ƙofarsa a buɗe. A cire wayar eriya daga talabijin saboda tsawa. Tukunyar gas a rufe kanta, a cire tiyo, a ajiye ta a tsaye a inuwa inda iska ke ratsawa. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo a rufaffen ɗaki ƙasa yake kwantawa ya jira mai ƙyasta ashana. Fetur ɗin janareta da kananzir kada su kwana a ɗaki. Famfo ma halinsa ɗaya da wuta, ranar da babu ruwa akan murɗa shi a bar shi a buɗe. A bi kowane kai a rufe.

Takardu, kuɗi da bashi

Yanzu mu zo ga abin da ba a sayensa a kasuwa in ya salwanta. Katifa in ta jiƙe a shanya, talabijin in ya ƙone a yi haƙuri. Amma takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da takardun ƙarin girma ɗaya bayan ɗaya, da shaidar kammala kwalejin ilimi ko jami'a, da rajistar hukumar TRCN, da takardar haihuwa, da takardar fili ko yarjejeniyar haya, waɗannan su ne shekarun aikinmu a rubuce. Iyayenmu masu ritaya za su ba mu shaida cewa ranar lissafin garatuti ba a tambayar mutum yara nawa ya koyar, fayil ake buɗewa. Takarda ɗaya da ta ɓace takan jawo zirga-zirgar watanni ga wanda ƙarfinsa ya riga ya ragu.

A haɗa su wuri guda, a sa a leda mai kauri ninki biyu, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora a sama inda rufi ba ya yoyo. A yi kwafin kowace ɗaya a ajiye a wani gida daban, wajen ɗan'uwa ko amini, domin kwafin da ke kwance tare da na asali ruwa ɗaya zai cinye su. A ɗauki hotonsu a waya, a kuma aika wa kai ta imel, don ko wayar ta faɗi hoton na nan. Wanda muka amince da shi ya san inda akwatin yake. Kiran tantance ma'aikata ba ya duba ko ana hutu, kuma malamin da labari ya iske a gona zai so a ce akwai mai iya tarbarsa da fayil ɗinsa a tasha.

Maganar kuɗi tana da nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Albashin Yuli da na Agusta su ne za su ɗauki kuɗin mota da tsaraba da ɗan abin da za a sa a hannun iyaye, kuma su ne za su tarbi Satumba da kuɗin makarantar 'ya'yanmu da littattafai da ɗinkin kayan makaranta. Wanda ya je garinsu da sunan ma'aikaci ya san ba a rasa mai bukata, kuma kunya ba ta barin mutum ya ce babu. Shi ya sa rabo ya kamata a yi shi a nan, kafin a hau mota. Kason Satumba a ware shi inda hannu ba zai kai da sauƙi ba. Kuɗin motar dawowa na iyali duka a ƙulle shi daban, a ɗauka babu shi. Kada a gina dawowa a kan cewa albashi zai shigo ranar kaza, domin in ya makara malami ne zai maƙale a ƙauye, makaranta ta buɗe ba shi.

A riƙe tsabar kuɗi gwargwadon hali. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna mana yadda mutum zai kasance da kuɗi a asusu ya kwana da yunwa, kuma akwai ƙauyukan da har yau sai an hau tudu ake samun sabis. Layin wayar da ke haɗe da asusun banki makulli ne, a sa masa lambar sirri, a kuma rubuta hanyar da banki ya tanada ta rufe asusu in waya ta ɓace, a ajiye a aljihu daban. Katin cirar kuɗi da lambarsa ba abin bar wa kowa ba ne, ko da wanda zai kwana a gida. Abin da zai bukata a ba shi a hannu.

Bashi hanji ne, in ji Bahaushe, yana cikin kowa. Mai kantin unguwa da ke ba mu shinkafa da sabulu zuwa ƙarshen wata, da mai ruwa, da tela, da mai wanki, jarinsu ƙarami ne, mako shida babu mu babu kuɗinsu na iya durƙusar da su. Wanda za mu iya biya mu biya shi kafin mu tafi, wanda ba za mu iya ba mu je da ƙafarmu mu yanka masa rana. Zubin adashi ba ya hutu, a shirya da uwar adashi tun yanzu, don kada wanda kwasarsa ta faɗo a Agusta ya karɓa da giɓi. Kuɗin haya in zai cika muna can, a sami mai gida kafin a tashi.

Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana. Mu kuwa rubutu sana'armu ce. Takarda ɗaya ta isa: masu binmu da nawa, waɗanda muke bi da nawa, ajiyar wani da ke hannunmu, da tamu da ke hannun wani. A kula da ajiya musamman. Kuɗin marayu, ko na ƙungiyar iyaye da malamai, ko na jarrabawar ɗalibai, in suna hannunmu a miƙa su inda ya dace a karɓi rasit kafin tafiya. Kuɗin amana in ya shiga aljihu ɗaya da kuɗin hutu, da wuya ya dawo cikakke, kuma mutuncin malami ba ya jure zargi ko da na kuskure ne.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ba a son ji a jajibirin tafiya. Rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali, barinta kuma ba ya nisanta shi. Musulmin cikinmu sun san ƙa'ida: wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a yin ta ga mai gado, kuma sai an biya bashi kafin a raba komai. 'Yan'uwanmu Kirista su ma doka ta ba su hanyar rubuta tasu a gaban shaidu biyu. Akwai kuma ƙaramin aiki da ke kan kowa: mu duba sunan da aka rubuta a matsayin makusanci a fayil ɗin aiki da banki da asusun fansho. Sau da yawa an cike wannan gurbi ne ranar kama aiki, kafin aure, da sunan mahaifi ko wa, wataƙila ma mai sunan ya riga mu gidan gaskiya. Wannan suna ba ya mai da mutum magaji shi kaɗai, amma shi za a fara nema, in kuwa babu shi, iyalin mamaci ne za su sha yawon ofis-ofis da hawaye. Cike takarda ɗaya ya raba su da wannan wahala.

Wa za a bar wa?

Duk abin da muka lissafa ba zai yi amfani ba sai an sami mutum. Kwaɗo ba ya zungure rariya, ba ya jin ƙaurin hayaƙi. Ƙaton kwaɗo a ƙofar waje, ga ciyawa ta tsiro a bakin zaure, shela ce ga mai wucewa cewa babu kowa. Mafi alheri shi ne a sami babban mutum amintacce ya riƙa kwana a gidan. In hakan bai samu ba, a zaɓi maƙwabci guda, a zauna da shi a roƙe shi, a zagaya da shi gida a nuna masa rariya da babban makunni da inda ake yoyo, a ba shi makulli da ɗan kuɗin gyaran gaggawa, da lamba biyu: tamu da ta wani a garin da za mu. "Na bar muku gida" da ake faɗa wa jama'a a ƙofar masallaci sallama ce mai kyau, amma amanar da aka ba kowa da kowa babu wanda aka ba. A sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, a biya kuɗin sintiri na watannin da ba ma nan. Hoton tasha da na gonar kaka kuwa su jira sai mun dawo kafin su hau Facebook ko WhatsApp, a kuma gargaɗi yara a kan haka.

Abu ɗaya muke roƙo da babbar murya: kada a ɗora wa ɗalibi gadin gida. Yaro ba zai iya ce wa malaminsa a'a ba. In wani abu ya ɓace, an ɗora masa zargin da zai bi shi har girma. In wani abu ya same shi cikin dare, babu bakin da za mu yi wa iyayensa bayani da shi.

Akwai kuma masu ci a tukunyarmu da ba za su shiga mota tare da mu ba: 'yar aiki, da almajirin da ke mana aike yana karɓar kwanonsa, da tsohuwar maƙwabciya da ake miƙa wa tuwo ta kan katanga. A biya 'yar aiki haƙƙinta cif, a mai da ita hannun iyayenta da kanmu. Almajiri a haɗa shi da wani gida, tsohuwa a bar mata awo. Dabbobi ma suna da haƙƙi. Damina lokacin turke ne, kuma akuyar da ta tsinke ta faɗa gonar wani za ta kai wanda ya yi mana alheri gaban mai unguwa. A bar dusa isasshiya da igiya mai ƙarfi, a yi magana a fili a kan ladan mai kiwo, da abin da zai yi in dabba ta kamu da ciwo: ya kira likitan dabbobi ne, ko ya sayar, ko ya yanka.

Makaranta ita ce gidanmu na biyu, ita ma tana da nata haƙƙin. A kammala maki, a shigar da su, a miƙa katin sakamako da rajista ga shugaban makaranta hannu da hannu. Takardun jarrabawar yara kada su bi mu ƙauye da niyyar a ƙarasa a can. A rufe tagogi, a janye kujeru daga inda rufi ke zuba, a ɗaga littattafai da alli daga ƙasa. Mu tuna cewa in ambaliya ta raba mutane da gidajensu, azuzuwan makaranta akan fara buɗe musu. Hakan daidai ne, sai dai takardun tarihin yara su kasance a kulle a ofis ko sito tun kafin lokacin, makulli kuma a hannun wanda ba zai yi tafiya ba.

Lafiya da hanya

Mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga ya tanadi abin da zai kai shi har dawowa, da ƙarin mako biyu. Mai juna biyu ta tafi da katin awonta, a kuma san asibiti mafi kusa da inda za a sauka. Gidan sauro ya riga kayan kwalliya shiga jaka. Masu ƙananan yara su lura da maganin rigakafin zazzaɓi da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bayarwa da damina ga 'yan wata 3 zuwa wata 59. Sau ɗaya ake ba da shi a kowane wata, a sha kwana uku a jere, kuma kariyarsa kamar wata guda take yi. Yaron da tafiya ta sa ya tsallake zagaye ya rasa kariya a lokacin da sauro ya fi yawa, don haka a tafi da katinsa a tambaya a asibitin garin. Ruwan sha kuma, inda ba a amince da rijiya ba, a tafasa, domin damina ita ce lokacin kwalara.

A shiga mota a tasha, a rubuta suna da lambar ɗan'uwa ta gaskiya a takardar fasinjoji, a tashi da wuri don a sauka da rana. A daren tafiya a kira mutanen can a ji halin hanya, na tsaro da na ruwa. In an iske ruwa ya hau kan gada a jira ya janye, ko da direba ya rantse ya san wurin. Waɗanda sai sun hau kwalekwale, kada kunya ta hana su sauka in an yi masa lodin da ya wuce kima. A haddace lambobi biyu, a koya wa yara: 112 ta kiran gaggawa, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra.

Abin da muke nema ga reshe

Ƙungiyar Malaman Najeriya tun 1931 aka kafa ta, a kan fahimtar cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun saba ganin amfaninta a gwagwarmayar albashi da ƙarin girma, to ga wani wuri da za ta yi mana rana ba tare da an kashe kwabo ba. Ba dukkanmu ne za mu yi tafiya ba. Kwamiti na ba da shawara wakilin kowace makaranta ya rubuta masu tafiya da masu zama, unguwa-unguwa, a haɗa kowane mai tafiya da abokin aikin da ya fi kusa da gidansa, wanda zai leƙa bayan kowane babban ruwa, ya gana da maƙwabcin da aka bar wa makulli. Wannan jeri ya tsaya a hannun wakili da sakatare kaɗai, kada a sa shi a zauren WhatsApp. Wanda ya zauna bana ya duba wa wani, baɗi shi za a duba wa.

Ga iyalanmu kuma, iyayengiji da iyayen gida, wannan aiki na kowa ne. A zauna a daren yau a rubuta shafi ɗaya: abin da za a gyara, wanda za a biya, inda takardu suke, wanda aka bar wa makulli, da lambobin da za a kira. A ba yara nasu kaso, wannan ya bi famfo, wancan ya bi soket, domin da haka ake koyon riƙon amana. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna da wanda aka miƙa wa gida, ɗaya ya shiga jaka. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa muna da sauran kwanaki a hannu, kuma sun isa in aka fara gobe da safe.

Allah ya kai masu tafiya lafiya, ya tsare masu zama, ya kiyaye mana gidajenmu da makarantunmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan abokan aikinmu da suka rasu a wannan shekara, ya sake haɗa fuskokinmu a Satumba babu wanda ya ragu.